Kawu, ga amsar tambayarku kan kuɗin talabijin da muke biya a Ingila

Kawu barkanku da war haka, ya iyali ya jiki. Na ji saƙon muryarku, kuna tambaya wai da gaske ne a nan sai mutum ya biya kuɗi kafin ya kalli talabijin ɗin da ya saya da guminsa, kuma wai da kuɗin ake ɗaukar nauyin gidan rediyon kiɗan samari. Eh gaskiya ne, duka biyun.

Lasin ne ake yanka, kowane gida ɗaya, ba kowane mutum ba. A Afrilun 2025 ya koma fam 174.50 a shekara, yawancinmu wata-wata ake cire mana a banki saboda kar ya yi nauyi. In kana kallon kowace tasha kai tsaye, ko kana shiga iPlayer, wato manhajar kallon shirye-shiryen BBC a intanet, to dole ne, in aka kama ka babu shi tara tana iya kaiwa fam 1,000. Rediyo kam kyauta ne tun 1971. Shi ya sa duk baƙon da ya sauka cikinmu, musamman ɗalibai, abu na farko da muke zaunar da shi mu faɗa masa kenan bayan maganar haya da likita, in YouTube kawai kake kallo ba abin kai tsaye ba to ka cike fom ka ce ba ka buƙata, kar ka zauna wasiƙa tana zuwa hankalinka yana tashi.

Kuɗin nan shi ke riƙe da BBC, shi ya sa a tashoshinta na cikin gida ba za ku taɓa jin talla ba, ba mai sabulu ba mai lemo. Ko Sashen Hausa da kuke kamawa tun muna yara, wanda aka buɗe a 1957, da Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke biya, amma daga 2014 aka ɗora yawancin nauyin a kan lasin, gwamnati tana ɗan ƙarawa. Wato labaran da kuke ji da asuba akwai sisina a ciki Kawu, kuma wallahi duk sanda na tuna haka sai na ji kuɗin bai dame ni ba.

Inda muke samun saɓani a tsakaninmu shi ne maganar kiɗan. Bayan sallar Juma'a ba sau ɗaya ba sau biyu an yi ta, dattawanmu suna cewa don me za a karɓi kuɗinsu a kai gidan kiɗa, wasu ma don haka suka cire talabijin a gida gaba ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, mutum da aƙidarsa. Ni dai ra'ayina daban ne. Radio 1, tashar BBC ta kiɗan samari, an buɗe ta ne a 1967 saboda samarin lokacin sun gudu sun koma sauraron gidajen rediyon bayan fage da ke watsa shiri daga jiragen ruwa a teku, irin su Radio Caroline, sai aka gane in ba ka yi magana da yaro ba wani zai yi. Sai a 2002 BBC ta buɗe tashar 1Xtra don kiɗan baƙar fata, kuma ita yaranmu suka tashi da ita. Yaron da aka haifa a nan, wanda a makaranta ake kwaikwayon sunansa ana dariya, ya kunna rediyon ƙasa ya ji DJ Edu ɗan asalin Kenya yana sa waƙoƙin Afirka, ya ji ana kiran sunayen 'yan Najeriya daidai ba a lanƙwasa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsa. 'Yata ta fari a can ta fara ɗaga kai tana cewa ita 'yar Najeriya ce, daga baya ta dawo tana neman in gyara mata Hausarta. Kuma a tsakanin waƙa da waƙa suna saka musu labarai gajeru, da hira kan jarrabawa da damuwa da rikicin wuƙa a unguwanni, abin da gidan rediyon kasuwa ba zai ɓata lokacinsa ba tunda ba riba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne gwamnati ce ke yanke nawa za a biya, kuma a 2022 ta tsayar da kuɗin a fam 159 har shekara biyu alhali komai yana tsada, ba a jima ba aka rufe rediyon Sashen Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85 yana aiki. Ranar na yi ta tunanin namu. Yarjejeniyar da BBC ke aiki a kanta za ta ƙare ƙarshen 2027, yanzu haka ana ta ja-in-ja ko a soke lasin ko a bar shi, samari da yawa sun daina yanka sun koma waya. Ni dai nawa an cire na wannan watan. A gaida Inna da yara, sai na kira ranar Lahadi in Allah ya kai mu.