Amsa ga Auwalu kan kuɗin ƙungiya da maganar yaro ba ya sa baki

Auwalu ɗana, na ga saƙonka, ya su Hajiya da ƙannenka. Ka ce ƙungiyar ci gaban gari ta tara kuɗi da sunan tallafa wa matasa, kwamiti ya zauna ya yanke a sayo kekunan ɗinki ba a tambayi ko ɗayanku ba, da kuka yi magana aka ce muku a al'ada yaro ba ya sa baki a zancen kuɗi gaban manya, shi ne kake tambayata wai da gaske haka al'adar take.

Toh rabinta aka faɗa muku, aka ɓoye rabi. Gaskiya ne yaro ba ya katse babba kuma ba ya ɗaga masa murya a taro, wannan har gobe ina nan a kai. Amma a ce ba shi da ta cewa a kan abin da aka tara da sunansa, wannan kam ban taso na tarar da shi ba.

Ka duba gandu ma kawai. Maigida ke riƙe da rumbu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari, amma duk da haka sai ya yanka wa kowane saurayi gayaunarsa, in an tashi daga gonar gandu ya wuce can, abin da ya noma na gyaɗa ko barkono nasa ne, ya sayar ya ɗinka riga ko ya sayi akuya ba wanda zai ce ya kawo lissafi, da haka ake gane wanda zai iya riƙe gida gobe. Sannan ga sarkin samari, wanda yanzu kun mayar da shi sarautar sa hula ranar sallah. A da in mutum yana son gayya ba ya zuwa wurin dagaci, goro yake kaiwa wurin sarkin samari, shi zai sa rana, ya kira makaɗa, ya raba kuyya, mai gona nasa fura da tuwo. Kuɗin da aka tara a kalankuwa bayan kaka da tarar wanda ya ƙi fitowa aiki duk a hannun samari suke, 'yan mata ma da tasu shugabar, dattijai sai dai su sa albarka in an yi rikici su raba. A Nijar da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 wannan tsarin ya farfaɗo da shi da sunan Samariya, su suka riƙa gina azuzuwa da share gari, ko da yake gwamnati ta yi amfani da su wajen siyasarta, wannan kuma wani zance ne daban. In kuma aka kawo muku addini, ai Annabi (SAW) Usama ɗan Zaidu ya ba jagorancin runduna yana saurayi, alhali a cikinta akwai manya irin su Sayyidina Umar.

Amma fa ku ma da naku, kar ka ga na goyi bayanka ka saki baki. An turo min abin da wasunku suka rubuta a gurup ɗin WhatsApp, har da kiran kwamiti ɓarayi, ba hujja ba komai, mutanen da wasunsu sa'annin mahaifinka ne. Kuma a cikinku mutum nawa ne ke biyan kuɗin wata na ƙungiyar? Samarin da nake ba ka labari da fartanya suka sayi bakin maganarsu. Tsoron dattijan ma ba na banza ba ne, sun sha ganin an raba kayan tallafi da safe kafin la'asar sun isa kasuwa a rabin kuɗi. Sai dai abin da ba su gane ba, yawanci hakan na faruwa ne don ba a tambayi yaron ba, wanda ransa ke kan gyaran waya ko noman rani aka miƙa masa keken ɗinki me kake so ya yi da shi.

Ga abin da za ku yi. Ku zauna ku kaɗai ku rubuta sunan kowa da sana'ar da yake so da abin da za ta ci, kar ku manta da 'yan mata don na lura ko ambatonsu ba ka yi ba. Ku zaɓi mutum biyu masu natsuwa, sarkin samari ya shige musu gaba zuwa gidan mai unguwa da daddare, ba a bainar jama'a ba. Ku roƙi kujera biyu a kwamiti, ɗayanku ya zama cikin masu sa hannu kafin kuɗi ya fita daga banki, kuma ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shiga da wanda ya fita a taron sallah kowa na ji. In sun ce kun yi ƙanana, ku tuna musu cikin ladabi tun 2018 da Buhari ya sa hannu a gyaran doka ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar wakilai, balle kwamitin gari.

Kar ku ce a fasa kekunan gaba ɗaya, a bar wa masu so, sauran kuɗin a sake zama a kansu. In kun gama rubuta sunayen ka turo min, zan kira shugaban kwamitin da kaina kafin Juma'a, tare muka yi makarantar allo.

Kawunka