Zan iya shiga gasar zanen fuska ta Ostireliya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne, ina da ɗan shago a bayan kasuwar Wunti a nan Bauchi. Ina rubuta allunan shaguna, amma abin da ya fi ba ni na cefane shi ne zanen fuskokin mutane: ango da amarya, ko mai barin aiki da abokansa suka yi karo-karo a zana shi. Hoto ake turo mini ta WhatsApp, in duba in zana. Kwanan baya na ga a Facebook wai akwai gasar irin wannan zane a Ostireliya mai kyautar dala 100,000. Da gaske ne? Kuma zan iya tura zanena? Daga mai zane, Wunti.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Gasar da gaske ce, sunanta Archibald, kuma tun 1921 ake yin ta a birnin Sidni. Wani ɗan jarida ne, J.F. Archibald, editan mujallar The Bulletin, ya bar wasiyyar kuɗinta kafin ya rasu a 1919. Dalar tasu ce ta Ostireliya, ba ta kai ta Amurka ba, amma ko a haka kuɗi ne na kece raini.

Sai dai ba ka da rabo a cikinta, gara in faɗa maka tun yanzu. Dole mai shiga ya kasance mazaunin Ostireliya ko New Zealand na tsawon shekarar da ta gabaci gasar. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗin fom zai shigar da kai daga Bauchi, ɗan damfara ne.

Ko da a can kake zaune, akwai sharaɗin da zai taka maka birki: wanda aka zana sai ya zauna a gaban mai zanen, ido da ido, ko da sau ɗaya ne. Ba sa wasa da wannan. A 1975 wani mai suna John Bloomfield ya ci gasar da zanen Tim Burstall, mai shirya fina-finai. Daga baya asiri ya tonu cewa bai taɓa haɗuwa da mutumin ba, hoton mujalla ya kwafa. Aka ƙwace kyautar aka ba Kevin Connor.

Da na fara jin labarin nan na ɗauka tsaurin Turawa ne kawai. Abin da ya sauya mini ra'ayi yana rataye a falona. Bayan rasuwar mahaifinmu, mun kai ɗan hotonsa na fasfo wurin wani mai zane. Yaron ya iya hannu, hular zanna ta fito zare-zare, har inuwar aljihun riga. Amma ya goge tsagen da ke kumatun Baba, ya ƙara masa haske, ya miƙar masa da kafaɗa. Baba kuwa kullum kafaɗarsa ta hagu a sauke take saboda shekarun da ya yi yana saɓa buhu, kuma in zai yi magana sai ya ɗan runtse ido ɗaya. Da Inna ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ƙanin wa ne?" Ban ga laifin yaron ba. Abin da fasfo ya ba shi ke nan, sauran ya cike da abin da yake zaton za mu so.

Na san za ka ce masu ba ka aiki kyau suke biya, ba kama ba. Wannan rigimar ma sun sha ta a can. A 1943 William Dobell ya ci gasar da zanen abokinsa Joshua Smith, ya ja masa wuya zalalo, hannuwa kamar sillen kara. Wasu masu zane biyu suka garzaya kotu, suka ce wannan zanen barkwanci ne. A 1944 alƙali ya ce zanen fuska ne, kyauta ta zauna wa Dobell. Ban ce ka yi wa amarya haka ba, don ba za ka kwana lafiya a Wunti ba.

Batun hukuncin zanen abu mai rai, da na san wasu masu karatu za su rubuto mini a kai, wannan fagen malamai ne, can za a kai shi.

In burinka gasa ne, duba ta gidan adana zane-zanen fuska na ƙasar Ingila da ke Landan, wadda aka fara a 1980. Ita tana karɓa daga kowace ƙasa, amma ita ma sai zanen da aka yi da mutum a zaune a gabanka. Saboda haka ko ta ina ka bi, kujera za ka saya. Ajiye ta a bakin shago wajen ƙarfe huɗu, lokacin da rana ta yi sanyi haske ke zuwa ta gefe. Roƙi mai shayin layinku ko wani dattijo mai ɗinkin hula ya ba ka minti 30, ka kashe waya, ka bar shi ya yi ta hira kana zane. Na farko zai fito a karkace, za su yi maka dariya. In ka kai na goma, ɗauki hotonsa ka aiko wa wannan fili, tare da wanda ka fi alfahari da shi cikin na WhatsApp, mu buga su gefe da gefe.