Chianti sunan yanki ne a Italiya

Ka ce a gidan abincin da kake aiki wani baƙo ya tambaye ka da wane inabi ake yin giyar Chianti, ka rasa amsa. Amsar ita ce Sangiovese. Chianti sunan yanki ne a Tuskani, tsakanin Firenze da Siena, kuma yawancin giyar inabin Italiya sunan wurin da aka noma ta take ɗauka. Haka Barolo, ƙauye ne a Piemonte, inabinsa kuwa Nebbiolo ne zalla. Doka ce ta tsara haka: DOC, wato shaidar hukuma ta yankin da giya ta fito da ƙa'idar yin ta, ta fito a 1963, DOCG mai tsauri fiye da ita aka fara ba da ita a 1980. Kowane yanki da nasa sharaɗi kan irin inabi, yawan amfanin gona da tsawon ajiya. Barolo sai ya yi wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a ganga ta katako.

Amma ka kula, ɗan'uwa, Chianti da Chianti Classico ba ɗaya ba ne. Na biyun dole aƙalla kashi 80 cikin ɗari ya zama Sangiovese, kuma za ka gane shi da hoton baƙin zakara a wuyan kwalba ko a bayanta. Lokacin da na yi aikin tsinkar inabi kusa da Siena, mai gonar ya fi jin haushin a haɗa su biyun fiye da komai. In baƙo ya sake tambaya, ka duba zakaran tukuna.