Hukuncin wasan kwamfuta mai jarumai, matsafa da aljanu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina buga wasannin da mutum ke zaɓar jarumi ya shiga rigarsa, ya tara abokan tafiya, a je a yaƙi bos. A tawagata akwai matsafi mai jefa wuta da wata mai warkarwa da ke roƙon abin bautarta, abokan gaba kuma aljanu ne. Wani abokina ya ce na yi shirka. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka fara gaya wa abokinka ya sassauta harshe, domin jifan Musulmi da shirka babu hujja abu ne mai hatsari.

Irin wannan wasa ya samo asali daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa a kan tebur da takarda da ƙwayoyin jefawa. Daga can aka gaji rabon aikin da kake gani: mayaƙi, ɓarawo, matsafi, da mai hidimar wani abin bauta. Final Fantasy na Japan ya biyo baya a 1987.

Asalin wasa halal ne har sai wani haram ya shige shi. Halittar da babu ita a duniya ba ta haramta shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasan Nana A'isha (RA), ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, sai ya yi dariya, bai hana ta ba. Haka kasancewar mugu a labari ba laifi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar Fir'auna, "Ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka" (Nazi'at, aya ta 24), kuma malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Dodo, babu wanda ya tuhumi imaninsu. Bos matsafi da kake yaƙa don ka kawar da sharrinsa shi ne mafi sauƙin hukunci a duk wasan.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne jarumin da ke hannunka. Mai sauraron labari ɗan kallo ne, kai kuwa kai ke zaɓa, kai ke danna maɓalli. Danna maɓalli wuta ta tashi a fuskar waya ba shi ne sihirin da Suratul Baƙara, aya ta 102, ta yi magana a kai ba: ba ka koyi ɗalasimi ba, ba ka nemi taimakon aljani ba, ba ka cutar da kowa ba. Don haka ban ce ka kafirta ba, ban ma ce ka yi sihiri ba. Amma sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Bukhari da Muslim suka ruwaito, yana biye da shirka kai tsaye, kuma zuciyar da ta saba ganin matsafi a matsayin gwarzo ƙyamarta gare shi tana raguwa, musamman zuciyar yaro. Na ƙi maka wannan zaɓi, in dai akwai mai takobi ko mai kwari da baka.

Wanda na hana kai tsaye shi ne inda wasan zai sa jaruminka ya durƙusa wa gunki, ya yi masa yanka, ya roƙe shi waraka, ko ya ƙulla alkawari da shaiɗan don samun ƙarfi, kuma da zaɓinka. Haka duk wasan da ya siffanta Allah ko mala'iku ko annabawa, ko ya mai da su abokan gaba. Uzurin "ai wasa ne" an taɓa kawo shi, Suratut Tauba, aya ta 65 da 66, ta ƙi karɓa. Mai warkarwar da ka ambata, in roƙon gunki ne aikinta kuma kai ke ba ta umarni, cire ta daga tawaga ka nemi magani a kwalba, wasannin nan ba sa rasa shi. Ka kuma lura masu ƙera su suna ɗiban sunaye daga wurinmu: Ifrit da ake kira ya taimaka a Final Fantasy sunan nan ne da ya zo a Suratun Namli, aya ta 39.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi kama matasa. Wasanni irin su Genshin Impact suna sayar da jarumai ta hanyar ƙuri'a: ka biya kuɗi ba ka san wanda zai fito maka ba. Wannan caca ce, Ma'ida aya ta 90 ta haɗa ta da giya, kuma hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca tun 2018. Jarumai mata da ake zanawa kusan tsirara su ma umarnin runtse ido ya hau kansu.

Na kan tebur mai ƙwayoyin jefawa ka bar shi, saboda hadisin Muslim da ya hana nardu, wato wani tsohon wasa da ake yi da ƙwayoyin jefawa, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wasa da nardu bai halatta ba, malamai da yawa kuwa sun haɗa duk wasan ƙwaya da shi. Na waya da kwamfuta, in ya kuɓuta daga abubuwan nan, ka buga, muddin bai ci maka lokacin salla ko karatu ko aiken iyaye ba. In labarin ba ya ci gaba sai ka yi wa gunki sujada, goge shi ka nemi wani.

Wallahu a'alam.