Ina kalorin soyayyun kayan lambu yake ɓuya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce in rage ƙiba, sai na koma cin kabeji da karas da tattasai da albasa, ina soya su sama-sama a kasko kusan kullum da dare. Wata biyu ke nan sikeli bai motsa ba. Ƙawata ta ce in sayi man zaitun, wai shi ba ya sa ƙiba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki taɓa jakarki, ki lura da hannunki lokacin zuba mai.

Kayan lambun da kika lissafa ba su da laifi. Giram 100 na kabeji kalori 25 ne, karas da albasa kusan 40. Ko kin cika faranti da giram 400, wato adadin kayan lambu da na itatuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci a rana, da ƙyar ki wuce kalori 130. Amma babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne shi kaɗai. Wadda ta karkata kwalba ta tsiyaya har mai ya rufe gindin kasko, ta zuba cokali 3 ba ta sani ba. Kalori 360 ke nan tun albasa ba ta yi laushi ba. In kuma an ɗora a kan kofin dafaffiyar shinkafa, ƙara wajen 200.

Man zaitun yana da kirki ga zuciya, amma kowane giram na mai kalori 9 ne, ko na zaitun ko na waken soya. In don ƙiba ne, cokalin awo ya fi cancanta ki saya. Ki auna ɗaya, ki bar kasko ya yi zafi sosai, ki riƙa juyawa ba tsayawa. In ya fara kamawa, ki yayyafa ruwa kaɗan.

Kada dai ki janye man gaba ɗaya, domin sinadarin karas da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo hanji ke tsotse shi da kyau. Ki sauke tun karas yana ƙaras-ƙaras a baki: zafi mai tsawo yana lalata bitamin C, ga shi jan tattasai ya fi lemun zaki yawansa. Abin da farantinki ya rasa shi ne furotin, shi ya sa yunwa kan dawo da wuri. Ki fasa ƙwai a ciki, ko ki sa ƙirjin kaza ko wake.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kayan lambun firiza da miyar waken soya ta kwalba fa?

Amsa: Na firiza ka saya hankali kwance, muddin ba a haɗa su da miya ko gishiri ba, domin ana daskarar da su ne jim kaɗan bayan girbi. Miyar waken soya, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ake ɗiga wa girki don ɗanɗano, ita ce ke son lura. Babban cokali ɗaya kan kai miligiram 900 na sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, alhali shawarar hukumar nan ita ce kada baligi ya kai 2,000 a rana. Ka juya kwalba ka karanta bayanta, ka zaɓi mai ƙarancin gishiri, musamman in akwai mai hawan jini a gidan.