Giya da maganin kashe ƙwayoyin cuta: amsoshin likita

Tambaya: Likita, an rubuta mini Flagyl saboda atini. A rana ta uku na kurɓi burukutu wajen biki, sai amai da faɗuwar gaba kamar raina zai fita. Ko maganin jabu ne? — Wani daga Zuru

Amsa: Maganin ƙalau yake, ɗan'uwa, haɗin ne ya ba ka kashi. Flagyl, wato metronidazole, ba sa ga maciji da barasa: fuska ta ɗau zafi, kai ya sara, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Ka shanye maganinka, kuma kada barasa ta shiga cikinka sai awa 48 bayan ƙwayar ƙarshe. In tinidazole ne, wani magani irinsa, awa 72. Burukutu giya ce, hanta ba ta tambayar a kwalba aka zubo ko a ƙwarya.

Tambaya: Maigidana yana kan maganin tarin fuka, amma yana shan giya a ɓoye. Kwanan nan idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. — Wata daga Gusau

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba ta jiran gobe. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, kuma uku daga cikin ƙwayoyin, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, hanta ce ke ɗaukar nauyinsu. Giya ta hau kai, kaya ya yi wa jaki yawa. Jan fitsari kaɗai aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba. Amma idon da ya canza launi alamar ciwon shawara ce. Ku kai shi inda yake karɓar magani yau a auna hantarsa, kuma ya faɗi gaskiya. Na san tun da aka kafa Shari'a a Zamfara mai sha ba ya son ko inuwarsa ta sani, to ɗakin likita ba ofishin Hisba ba ne.

Tambaya: Ni ban taɓa shan giya ba. Jiƙon basir na kwalba nake saye a tasha, zan iya haɗa shi da Flagyl? — Direba daga Jega

Amsa: Ajiye shi, Malam. Wasu irin waɗannan a barasa ake jiƙa saiwoyin. Duba jikin kwalbar, ko ka buɗe ka shinshina.

Tambaya: Fura da nono fa? Ciprofloxacin nake sha. — Wata daga Argungu

Amsa: Nono yana riƙe maganin a hanji ya hana shi shiga jini. Haɗiye ƙwayar da ruwa, damun ya jira awa 2.