Farashin caca da dawowar jiragen ruwa ta mashigin Bab al-Mandab

Ka tambaya ko farashin kasuwannin caca irin su Polymarket, inda ake zuba kuɗi kan ko wani abu zai faru ko ba zai faru ba, zai iya nuna lokacin da jiragen dakon kaya za su koma bi ta Bab al-Mandab, mashigin da ke bakin kudancin Bahar Maliya. A ganina, kada ka dogara da shi. Idan ana sayar da kason cacar "za su koma" a kan santi 30 na dalar Amurka, ma'anarsa masu zuba kuɗi sun ba abin yiwuwar kashi 30 cikin 100, kuma mutum ɗaya mai kuɗi yana iya karkata farashin idan kasuwar ƙarama ce. Tun da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jiragen ruwa hare-hare a yankin a Nuwamban 2023, manyan kamfanoni suka koma zagaye kudancin Afirka, abin da ke ƙara kusan kwana 10. Kuɗin inshorar yaƙi da adadin jiragen da ke ratsa mashigin Suez, a arewacin Bahar Maliya, sun fi cancantar ka bibiya.